Fashin Baƙi: Gadojin Kano, Wa Ke Hawa Sama, Wa Ke Zaune a Gindi?

Idan gwamnati ta kafa gadar sama a bakin unguwarku, ci gaba ne ya zo muku, ko kuwa hanya aka buɗe wa wasu ta kanku? Wannan tambayar ba ta taɓa barin majalisun Kano ba. Duk ranar da aka wayi gari an kewaye wani shataletale da kwano, katafila ta fara kartar ƙasa, sai ta sake tasowa. Ta taso da ƙarfi tun daga ƙarshen 2023, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko aikin manyan gadoji biyu, ɗaya a Tal'udu, ɗaya a Ɗan Agundi.

Abin da ke damuna da yadda ake wannan muhawara shi ne an mayar da ita ta jam'iyya. Wanda ya yaba aiki an ce ɗan gwamnati ne, wanda ya koka an ce ɗan adawa ne. A tsakanin waɗannan biyun akwai mutumin da ba ruwansa da hular kowa: tela mai haya a bakin titi, tsohuwar da aka shafa wa jan fenti a bangon zaurenta, yaron da makarantar allonsa ta koma tsallaken titi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ana iya son gada, a kuma tambayi wanda ya biya kuɗinta da gidansa ko da kasuwarsa.

Me gada take yi, me kuma ba ta yi?

A bakin jama'a duk sunansu gada, amma iri-iri ne. Gadar sama tana ɗaga titi guda ya haye ta kan wani. Gadar ƙasa rami ake haƙawa, titi ya nutse ya wuce ta ƙarƙashi, kamar ta Gadon Ƙaya da ta Kabuga. Akwai kuma mai hawa-hawa, wadda ta haɗa ta sama da ta ƙasa da shataletale ko hanyoyin karkata a tsakiya, irin ta Dangi da ta Hotoro. Wannan ta ukun ita ta fi cin fili, domin kowace karkata tana buƙatar wurin lanƙwasa, kuma a tsakiyar gari wurin lanƙwasar nan gidan wani ne ko shagon wani.

Dukkansu aikinsu ɗaya: raba motocin da ke gittawa juna don kada wani ya tsaya jiran wani. Gada ba ta rage yawan motoci. Ba ta samar wa ɗan sahu wurin ɗauka da saukewa. Ba ta hana tirela shiga gari da rana tsaka. Mahaɗa guda take warwarewa, kuma duk wanda ya riƙe wannan zai gane rabin rikicin.

Yadda Kano ta zama garin gadoji

Kafin 2011 gadar sama ba abu ba ce da idon Bakano ya saba gani a garinsa. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka yi ta Ƙofar Nassarawa, aka yi na ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, aka kuma fara doguwar nan ta Sabon Gari a kan titin Murtala Muhammad. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙarasa ta Sabon Gari, ta ƙara da ta Dangi, da ta ƙasa a Ƙofar Ruwa, da ta Ƙofar Mata, da ta Hotoro wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Wato gwamnoni daga ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna a siyasa sun haɗu a kan magani guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar ta wuce ta jam'iyya.

Ciwon da suke nema wa magani na gaske ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, su suka fi cushewa. Manyan titunan da ke shigowa daga Zariya da Maiduguri da Haɗeja da Katsina da Gwarzo duk wuri ɗaya suka nufa, inda Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai suke kafaɗa da kafaɗa. Tsarin birni na shekara ashirin da aka zana tun 1963 ya ƙare a 1983, gari kuwa bai tsaya jiran sabo ba. Unguwanni suka yi ta tsiro a gonaki, awon igiya ya riga awon gwamnati.

Sannan ga yadda mutane ke zirga-zirga. Adaidaita sahu ya shigo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai nauyin jigilar gari kusan gaba ɗaya ya koma kansa. Abin hawa ne mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, mai tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu. Garin miliyoyin mutane da ya dogara da irin wannan dole titinsa ya cika.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Gada ana ganinta. Ana ɗaukar hotonta da dare fitilu na haskawa, ana raɗa mata sunan babban mutum, ana nuna ta ranar yaƙin neman zaɓe. Kwalbatin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa ba ya shiga hoto, ko da shi ne ya hana unguwa nutsewa.

Shin tana kawar da cunkoso?

A daidai mahaɗar, e, tana yi. Duk wanda ya san Dangi kafin gada ya san irin gosulon da ake sha a wurin da yamma, kuma rashin adalci ne a ce babu abin da ya canza. Haka Hotoro, inda manyan motocin hanyar Maiduguri ke karo da na cikin gari.

Sai dai motar da ta haye gada a guje dole ta sauko. Idan ta sauko ta tarar da titi ya tsuke, 'yan sahu sun yi layi biyu suna lodi, masu tebura sun ci rabin kwalta, to cunkoson bai mutu ba, gaba ya matsa. Masana harkar sufuri sun daɗe da lura da wani abu kuma: idan hanya ta yi sauƙi, masu kauce mata da can sai su dawo, har ta sake cika. An gani a birnin Hustan na Amurka, inda aka faɗaɗa wata babbar hanya ta zama cikin mafi faɗi a duniya, bayan 'yan shekaru cunkoso ya dawo. Birnin Siyol na Koriya ta Kudu ma tsakanin 2003 da 2005 rushe wata doguwar gadar sama ya yi, ya buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta. Ban kawo wannan don in ce a rushe namu ba. Na kawo shi ne don a san cewa gada rabin magani ce. Sauran rabin shi ne manyan motocin haya masu tsari, irin wanda Legas ta fara a 2008 da bas-bas masu layinsu na kansu, da kammala hanyoyin kewaye gari don tirela ta daina ratsa tsakiya.

Diyya: abin da doka ta ce, da abin da mutane ke zato

Nan ne aka fi samun rashin fahimta, nan kuma aka fi zubar da hawaye.

Yawancinmu mun ɗauka cewa idan gwamnati za ta ɗauki gidanka, sayensa za ta yi kamar yadda dillali zai kawo maka mai saye, a yi ciniki, ka sallama ko ka ce albarka. Ba haka doka ta tsara ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin idan maslahar jama'a ta buƙata, kuma titi da gada suna cikin maslahar jama'a. Ba sai ka yarda ba. Amma dole a ba ka sanarwa a rubuce daga jami'in da aka ba wannan iko. Jan fenti a bango alama ce ta masu awo, ba ita ce sanarwar da doka ke nufi ba.

Sashe na 29 shi ya faɗi abin da za a biya, kuma a nan ake faɗuwar gaba. Ba darajar filinka a kasuwa ake biya ba. Abin da ake lissafa maka a kan fili shi ne kuɗin ƙasa da ka biya gwamnati a shekarar, in har ka biya. Babban kuɗin yana kan ginin: nawa za a kashe a sake gina irinsa, sannan a cire abin da tsufa ya ci. Idan akwai bishiyoyi ko amfanin gona a ƙiyasta su. Idan an yi jinkirin biya, doka ta ce a ƙara wani abu a kai saboda jinkirin.

To ka ɗauki gidan ƙasa na gado a cikin badala, a bakin babban titi. Darajarsa ba a jikin tubalinsa take ba. Tana ga inda yake: taku kaɗan zuwa kasuwa, ga masallacin da kakanni suka yi salla, ga 'yan'uwa a kewaye, ga shaguna biyu da aka fasa a jikin bango ana karɓar haya. Mai ƙiyasi kuwa ginin ƙasa mai shekara tamanin zai gani, ya cire tsufa, ya rubuta adadi. Wannan adadin sau da yawa ba zai sayi ko kango a unguwar ba. Sai iyali su tattara su koma bayan gari, inda babu famfo, babu asibiti kusa, kuɗin mota kuma ya ninka. Idan magada goma sha biyu ne, aka raba kuɗin, kowa ya tashi da abin da ba zai kama masa hayar shekara biyu ba. Gidan da ya haɗa zuriya ya watse kenan. Ba lallai wani ya ci kuɗin kowa ba. Ma'aunin dokar ne gajere.

Amma akwai haƙƙoƙi uku da mutane da dama ba su san suna da su ba. Na farko, rashin takardar shaidar mallaka ba ya nufin ba ka da komai. Sashe na 34 ya ce wanda yake riƙe da ginannen wuri a cikin birni tun kafin dokar ta fara aiki a 1978, ana ɗaukarsa tamkar mai takarda. Wannan ya shafi gidaje masu yawa a tsohon birni, inda shaidar mutum ita ce mai unguwa da dagaci da maƙwabta da takardar rabon gado ta kotu. Na biyu, sashe na 33 ya buɗe ƙofar a ba mai gidan zama wani matsugunin maimakon kuɗi. Na uku, idan adadin bai gamsar da kai ba, dokar ta tanadi kwamitin rabon filaye da za a kai masa ƙorafi, kuma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba ka damar zuwa kotu a kan adadin. Wanda ke ganin kotu ba ta iya taɓa gwamnati ya tuna da 'yan kasuwar Filin Idi da aka rushe wa shaguna a 2023. Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke hukuncin a biya su Naira biliyan 30. Wancan ba aikin titi ba ne, amma ya nuna cewa waɗanda suka haɗa kai suka riƙe takardunsu ana sauraronsu.

Waɗanda ba sa cikin lissafi ko kaɗan

Mai gida ko ba komai sunansa yana cikin takarda. Ɗan haya fa?

Shekarun baya an faɗaɗa wani titi kusa da mu. Akwai wani tela da ya fi shekara goma a shago ɗaya, har ya yaye yara da dama a wurin. Bai fi wata uku da biyan hayar shekara ba aka zo aka shafa fenti. Mai shagon ya karɓi diyyarsa. Shi kuwa telan ya kwashe kekunansa a kura ya kai zauren gidan yayarsa a cikin lungu. Ɗinkinsa bai canza ba, amma masu kawo ɗinkin ba su san inda ya koma ba, waɗanda suka sani kuma ba mota mai shiga wurin. Sallar da ta biyo baya keke ɗaya ne ke aiki cikin huɗu. Har yau in na wuce wurin sai na tuna shi, domin babu wata takarda a duniya da ta nuna cewa wannan titin ya ci masa komai.

Irinsa suna da yawa: mai shayi, mai faci, mai cajin waya, mai kosai, mai tireda, mai wankin hula. Dokar 1978 gini take biya, ba ta biyan ciniki, ba ta biyan masu saye da mutum ya tara a shekara ashirin. Kuma ba dole sai an rushe wurinka za ka yi asara ba. Shagon da ke bakin shataletale, inda kowa ke rage gudu ya leƙo, bayan gada sai ya koma fuskantar katangar siminti, masu sayensa suna wucewa ta saman kansa.

Ba wai ba a san yadda ake yi ba ne. Idan Bankin Duniya ne ya ba da bashin aiki, ƙa'idarsa ta tilasta a biya cikakken kuɗin sake gini ba tare da cire tsufa ba, a lissafa da 'yan haya da marasa takarda, a kuma taimaka wa wanda sana'arsa ta tsaya har ya miƙe. Ana bin wannan ƙa'idar a Najeriya a ayyukan da bankin ya sa kuɗi. Ina ganin abin kunya ne a ce mai ba da bashi daga waje ya fi dokarmu tausayin talakanmu. Babu abin da ya hana majalisar dokokin jiha ta yi tanadin da ya kai wannan.

Shekarun ƙura

Tsakanin ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle akwai wata rayuwa da masu wucewa ba sa gani. Da zarar an rufe babban titi, motoci ba ɓacewa suke ba, lunguna suke faɗawa. Layin da yara ke wasan langa a cikinsa sai ya wayi gari 'yan sahu da ƙananan motoci na bin juna a guje. Lambatu ya rufta saboda nauyin da ba a gina shi dominsa ba. Jar ƙasa ta rufe kayan mai kanti, ta shiga ƙirjin masu asma da tsofaffi, musamman in hunturu ya haɗu da ita. Katafila ta fasa bututun ruwa, a yi makonni ba famfo. Mace mai naƙuda da dare, hanyar minti goma zuwa asibiti ta koma ta rabin awa. Ba a fafe gora ranar tafiya: hanyar da za a karkatar da motoci ya kamata a gyara ta, a sa mata alamu, a ajiye 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa tun kafin a rufe babbar, sannan a tilasta wa ɗan kwangila yayyafa ruwa safe da yamma.

Duk wannan ana iya jure shi idan an san ranar ƙarewa. Abin da ke karya mutane shi ne jinkiri. Dalilansa sanannu ne. Ana ba ɗan kwangila kafin alƙalami ya fara, sauran kuɗin sai ya kai wani mataki an duba an sa hannu. Idan biya ya tsaya, aiki ya tsaya. Farashi kuma ba ya jira. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, siminti da rodi da man dizal suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a farkon 2024. Kwangilar da aka ƙulla da tsohon farashi dole a sake zama a kanta. Ga damina, ga rikicin diyya da ba a warware ba, ga turakun lantarki da bututun da sai an kawar.

Mafi muni shi ne sauyin gwamnati. Titin Wuju-Wuju, wanda aka tsara ya rufe kwarin Jakara ya ratsa tsohon birni, an fara shi a zamanin Kwankwaso, ya shafe shekaru a yashe. Mutanen da suka ba da gidajensu da waɗanda aka bari a gefen ramin ba su samu titin ba, ba su koma yadda suke da ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Gwamnatin da ta buɗe ayyuka goma da kuɗin biyar, unguwanni biyar ta jefa cikin wannan halin.

Ruwa ba ya karanta taswira

Idan za a tambaye ni abu guda da mazauna unguwa za su sa wa ido fiye da komai, zan ce magudana. Sabon titi kusan kullum ya fi tsohon tudu, domin ana zuba ƙasa da tsakuwa kafin kwalta. Gidan da da ake hawa dakali a shiga, sai ya koma ana gangarawa. Ruwan sama na farko zai nuna maka sakamakon a tsakar gida. Ga gidan ƙasa kuwa, ruwan da ya kwanta a gindin bango hukuncin rushewa ne, kuma wannan ba ya cikin diyyar kowa tunda layin awo bai taɓa gidan ba.

Kano ta riga ta cike yawancin kududdufanta, waɗanda da su ke shanye ruwan unguwanni, an yi gine-gine a kansu. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata kaya masu yawa ta nuna abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa. Gadar ƙasa kuma rami ce, ruwa kuwa rami yake nema. Idan ba a yi mata mafita mai kyau ba, ko injin zuƙe ruwa da ake kula da shi, ko aka bar leda da yashi suka toshe ramukan, sai ta zama tafki a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Tambayar da za a yi wa injiniya ba faɗin lambatu kaɗai ba ne. A tambaye shi ina ruwan zai je bayan ya bar bakin titi, kuma ta ƙofar gidan wa zai bi.

Unguwa ɗaya ta koma biyu

Titi mai hannu biyu da shingen siminti a tsakiya katanga ce ga mai tafiya a ƙasa. Masallaci yana wannan gefen, rabin masu sallarsa suna wancan. Makarantar Islamiyya, injin niƙa, gidan kaka, maƙabarta, duk suna iya komawa tsallake. Matashi zai ɗare shinge ya wuce. Tsoho mai sanda, da mace mai goyo, da gurgu a kan kekensa, da makaho da ɗan jagoransa, su ne ke tsayawa suna kallon motocin da yanzu ba abin da ke sa su rage gudu. Mafi yawan mutanen unguwannin da ake kafa waɗannan gadoji ba su da mota. Idan zanen bai tanadi wurin tsallakawa ba, da gadar ƙafa mai gangare wadda keken guragu zai iya hawa, da fitila a ƙarƙashin gada don kada ta zama maɓoyar masu ƙwacen waya, to an gina wa baƙo an manta mai gida.

A wurare irin Ɗan Agundi akwai ƙarin nauyi, domin aikin yana gab da badala. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, aka fara ta, kuma tana cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Sabuwar ta fi faɗi, amma ba ita ce wadda kakanninmu suka bi ba. Abin da ya rage na ganuwar bai kai a ci gaba da gutsurarsa ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon baya suna cewa Kano cibiyar kasuwanci ce, awa ɗaya da aka ɓata a gosulo kuɗi ne da mai da lafiya, kuma babu birnin da ya girma ba tare da an taɓa gidan wani ba. Suna ƙarawa da cewa aikin kansa yana ba leburori da masu tifa da masu abinci abin yi, filayen da ke kusa kuma suna ƙara daraja. Gaskiya ne, sai dai ƙarin darajar mai fili yake amfana, ɗan haya kuwa ƙarin kuɗin haya yake gani.

Masu suka suna cewa biliyoyin da ake zubawa a mahaɗa guda za su gyara titunan unguwanni da dama, su kai ruwan famfo, su rufa ajujuwan da yara ke zaune a ƙasa. Suna kuma tambayar me ya sa komai sai cikin birni, alhali jihar na da ƙananan hukumomi 44. Wannan ta ƙara zafi saboda al'adar haɗa kuɗin ƙananan hukumomi da na jiha a asusu ɗaya a yi manyan ayyuka da su. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada yana da ikon tambayar me ya haɗa kasonsa da gadar da ƙila bai taɓa hawa ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙarfafa wannan tambayar.

Ni dai ina ganin wasu mahaɗun na Kano sun cancanci gada, ba na jayayya da hakan. Inda na tsaya shi ne, kuɗin gada ba siminti da rodi ba ne kaɗai. Asarar tela, da bangon da ruwa ya kayar, da shekara biyu na ƙura, duk kuɗin gada ne, sai dai ba gwamnati ke biyansu ba, an bar wa waɗanda suka fi kowa rauni. A sa su cikin lissafin kwangila tun farko, sannan a duba ko aikin ya ci kuɗinsa.

Kafin jan fenti ya iso ƙofarku

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta amince da hakan, domin ta tanadi a ba jama'a damar ganin rahoton manyan ayyuka su faɗi ra'ayinsu kafin a fara. Lokacin magana shi ne lokacin da aikin ke kan takarda. Da an zuba kankare, sauya wurin kwalbati ɗaya ma sai an kai ruwa rana.

Don haka da zarar an ga masu awo da sandunansu, unguwa ta kafa kwamiti ƙarƙashin mai unguwa, a sa limami da 'yan kasuwa da 'yan haya, a sa mata, domin su ne suka san hanyar da yara ke bi zuwa makaranta da inda ruwa ke kwanciya. A nemi ganin zanen aikin a Ma'aikatar Ayyuka, a tambayi iyakar layin, da tsayin titin a kan dakalin gidaje, da wurin tsallakawa, da hanyar da za a karkatar da motoci, da ranar gamawa. Ƙorafi ya bi ta dagaci da hakimi da ɗan majalisar mazaɓa, a rubuce, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Kowane mai gida ya tattara abin da yake da shi: takardar saye, takardar rabon gado, rasiɗin kuɗin ƙasa, izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, in akwai. A ɗauki hoton gida ciki da waje, ɗaki-ɗaki, da rijiya da bishiya da shago, kafin a taɓa komai. Maƙwabtan da layin bai shafa ba su ma su ɗauki hoton bangonsu, saboda tsagewar da jijjigar injin daɓe ke haifarwa. Gidan magada su zauna su fitar da wakili ɗaya tun da wuri, don kada rigimar cikin gida ta riƙe kuɗin kowa. Masu gidaje za su iya yin karo-karo su ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin gine-gine nasu, ya tsaya tare da na gwamnati ranar awo. Ɗan haya ya adana rasiɗinsa, ya zauna da mai shago a gaban shaidu a kan ragowar kuɗin hayarsa kafin diyya ta fito. Kuma kada wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, ko wadda aka bar gurbin adadin kuɗi babu komai a ciki.